Sarkin Kano Abbas Maje Nasarawa (1903-1919): Rayuwarsa a Takardun Ƙasa da Haraji da Shari'a

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban dattijo yana tambayarsa labarin kakanni ya san inda labarin yakan tsaya. Dattijon zai kawo sunan uba da na kaka, wataƙila da na kakan uba, ya faɗi garin da suka taso da sana'ar da suka yi, daga nan sai ya ce abin ya daɗe. Haka ta faru gare ni a hutun da ya wuce, sa'ad da na ɗaura aniyar bin sawun wani kakanmu da aka ce ya yi dagaci a ƙauyenmu a farkon zamanin Turawa. Da labarin baka ya ƙare, sai na nufi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ban ci karo da sunan kakan namu ba a cikin abin da na samu dubawa, amma na ga sunan ƙauyen, da yawan mutanensa da dabbobinsa, da abin da aka yanka masa na haraji. Abin da ya fi jan hankalina kuwa shi ne, kowace takarda ta waɗannan shekaru na buɗe, sai in tarar maganarta tana komawa ga mutum guda, watau Sarkin Kano Muhammadu Abbas.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi rayuwar wannan bawan Allah ta hanyar irin waɗannan takardu. Dalili kuwa, tsohon littafin nan na Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, bai kai ga zamanin Abbas ba. Labarin baka kuma ya rabu biyu a kansa: wasu na ganin shi ne ya miƙa wa Nasara gari, wasu na ganin shi ne ya tserar da abin da ya saura. Takardun ƙasa da na haraji da na shari'a ba don yabo ko zargi aka rubuta su ba, saboda haka sun cancanci a saurare su a matsayin shaida ta uku.

Asalinsa da Tasowarsa

Abbas ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne, jikan Sarki Ibrahim Dabo na gidan Sulluɓawa. Dabo ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ɗansa Usman ya gaje shi har 1855, sa'an nan Abdullahi ya hau ya riƙe har 1882. Allah ya albarkaci Abdullahi da 'ya'ya masu yawa, kuma da dama daga cikinsu sun riƙe sarautu a zamaninsa. Da ya rasu aka naɗa ƙanensa Muhammadu Bello, sai al'amari ya juya. Bello ya shiga tuɓe 'ya'yan yayansa da mutanensu yana ɗora nasa, yana kuma share wa ɗansa Tukur hanya. Abbas ya shaida wannan zaman doya da manja da idonsa.

Da Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umarnin a naɗa Tukur, wanda ya yi masa bajinta a yaƙin Argungu. 'Ya'yan Abdullahi ba su yarda ba. Suka fice daga birni ƙarƙashin Yusufu, wanda ya taɓa riƙe sarautar Galadima, suka kafa sansani a Takai. Wannan shi ne mafarin Basasar Kano tsakanin Yusufawa da Tukurawa. Yusufu ya rasu a 1894 tun ba a ci birni ba, aka yi wa ƙanensa Aliyu, wanda aka fi sani da Alu, mubaya'a. A shekarar ce Yusufawa suka shiga Kano da ƙarfi, a 1895 kuma aka kashe Tukur a Tafashiya. Abbas yana cikin Yusufawa, kuma a zamanin Alu ya zama Wamban Kano.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin mutumin da ya ga basasa da idonsa ya san abin da yaƙi ke yi wa gari. Ya ga an ƙone garuruwa, ya ga an kama 'ya'ya an sayar kamar bayi, ya ga gonaki sun koma saura. Shekara takwas kacal ke tsakanin ƙarshen wannan masifa da ranar da aka sa shi a gaban zaɓi mafi nauyi a rayuwarsa.

Shekarar 1903

A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani Bature, Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga ya riƙe wannan a matsayin hujja. A farkon 1903 Alu ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da mayaƙansa, Wambai Abbas na cikinsu. Suna can rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu.

Labari ya riski jama'ar Kano suna hanyar komowa. Alu ya rabu da rundunarsa cikin dare ya yi arewa, daga baya aka kama shi aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Jama'ar da ya bari ta rabu. Waziri Ahmadu ya zaɓi ya gwabza, ya kuwa yi shahada a Kwatarkwashi a ƙarshen watan Fabrairu tare da mutane masu yawa. Wambai Abbas ya jawo dubban mutane, mahaya da 'yan ƙasa, mata da yara, ya nufo gida da su. A farkon watan Maris suka iso, suka ajiye makamai. Bayan an ci Sakkwato ran 15 ga Maris, Lugga ya komo Kano ya tabbatar wa Abbas da sarauta a farkon Afrilu.

Sharuɗɗan da aka gindaya masa su ne waɗanda aka gindaya wa sauran sarakuna. Ikon ƙasa da ikon sa haraji sun koma hannun Gwamna. An hana kai hari don kamun bayi da cinikinsu. Ba sauran aika gaisuwar shekara zuwa Sakkwato. An bar wa alƙalai shari'arsu, amma an hana yanke hannu, hukuncin kisa kuma ba ya zartuwa sai hukumar Turawa ta duba. An yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. Watau dai Abbas ya hau gadon kakansa Dabo ba takobi a hannunsa. Abin da ya rage masa shi ne fada, da majalisa, da sanin ƙasa da mutanenta, wanda Turawa ba su da shi.

Tsakaninsa da Mai Gunduma

Razdan na farko a Kano shi ne Dakta Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Mai Gunduma. Sunan ya samo asali ne daga aikin da ya sa gaba. Kafin Turawa, hakimai a birni suke zaune kusa da Sarki. Garuruwan kowane hakimi a warwatse suke, wani gabas wani yamma, jakadu ne ke kai da kawowa tsakaninsa da dagatai. Turawa suka ga wannan tsari ba zai yi musu lissafi ba. Sai aka harhaɗa garuruwan da ke maƙwabtaka aka yi gundumomi, wajen 1907 zuwa 1908 kuma aka tilasta wa hakimai barin birni su koma cikin gundumominsu, aka nemi a kawar da jakadu.

Wannan ya rage wa Sarki ƙarfi ƙwarai, domin ta hannun jakadu da manyan bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, yake jin abin da ke gudana a ƙasa. Rashin jituwa ya yi tsanani a 1908, sa'ad da Cargill ya kawar da Abdullahi Bayero, babban ɗan Sarki, daga muƙamin Waziri, ya ɗora Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, wanda bawan sarki ne. A al'adar Kano wannan abu ne da ba a taɓa ji ba. Abbas bai ɗaga murya ba, bai kuma sauka daga ra'ayinsa ba. Ya riga ya ga abin da ya sami Satiru da Haɗejiya a 1906, ya san ƙarshen fito-na-fito. Sai ya yi haƙuri, mahaƙurci kuwa mawadaci. A shekarar aka ɗauke Cargill daga Kano. Masana tarihi sun ruwaito cewa kafin ya tafi ya ƙone takardun ofishin lardi, abin da ya sa mai bincike yakan tarar da giɓi a shekarun farko na mulkin Abbas.

Da Razdan Temple ya zo a 1909, sai ya bi wata hanya dabam, watau ƙarfafa Sarki domin a yi mulki ta hannunsa. Aka mai da Allah Bar Sarki matsayinsa na Ɗan Rimi, aka naɗa Alƙali Giɗaɗo Waziri. Temple ya kuma sa aka tattara masa bayanin sarautun Kano da waɗanda suka riƙe su, kundin da ya daɗe a ɓoye kafin masana su buga shi a 1993. Daga wannan shekara ta 1909 ne takardu suka fara yawaita, daga nan ne kuma ake iya ganin Abbas sosai.

Abbas a Takardun Haraji

A zamanin da, harajin Kano iri-iri ne. Akwai kuɗin ƙasa da magidanci ke biya, da zakkar hatsi, da kuɗin shuka a kan wasu amfanin gona, da kuɗin rafi a kan masu lambu, da kuɗin karofi a kan marina, da jangali a kan shanu. Da wuri ake biyan mafi yawansu. Dagaci ya tara ya cire nasa, jakada ya cire, hakimi ya cire, saura ya isa fada. Turawa suka fara da karɓar wani kaso, har ya kai rabi, suka kuma matsa a riƙa biya da kuɗinsu na ƙarfe.

Abubuwa biyu ne suka sauya fuskar haraji a zamanin Abbas. Na farko shi ne baitulmali, wanda aka fara gwadawa a Katsina, aka kafa na Kano wajen 1909. Rabon da ya rage wa hukumar gargajiya ya daina shiga taskar Sarki, ya koma asusu mai littafi a hannun Ma'aji, aka yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi. Sarkin da a da kyautarsa ba ta da ƙa'ida sai abin da ya ga dama, yanzu sai da rasit. Na biyu shi ne harajin taki, wanda aka fara a gundumomin da ke kewaye da birni. Malamin taki yakan zo gona ya auna tsawonta da faɗinta da takun ƙafarsa, ya rubuta sunan mai gona da girmanta, a yanka masa haraji gwargwadon haka. Da yawa daga cikin waɗannan malamai a makarantar Ɗan Hausa suka koyi boko da lissafi da awo, makarantar da aka buɗe a Nasarawa a 1909, wadda kuma 'ya'yan sarakuna daga Kano da sauran ƙasashe suka shiga.

A takarda tsarin taki ya yi kyau, domin mai babbar gona shi zai biya da yawa. A aikace kuwa ya zo da nasa ciwo. Takun wani ya fi na wani, kuma malamin da aka ba goro takunsa yakan yi tsawo. Manomin da ya bar gona ta huta sai ya biya mata, abin da ya sa wasu suka riƙa sakin saurukansu. Saboda irin waɗannan dalilai aka yi watsi da tsarin bayan rasuwar Abbas, a shekarun 1920. Duk da haka, a nan ne karo na farko da aka zauna aka rubuta sunan talakan ƙauye tare da gonarsa a littafin hukuma.

Su kuma Turawan mulki sukan zaga gunduma su rubuta rahoton ƙiyasin haraji. A ciki akan sami taƙaitaccen tarihin gundumar, da jerin ƙauyuka, da ƙidayar maza da mata da yara, da shanu da tumaki da jakuna, da masaƙa da maƙera da marina, har da kasuwanni da ranakun cinsu. Wanda ya karanta irin waɗannan rahotanni zai ga matsayin Abbas a fili. Bature ne ke ƙiyasi, amma hakimin Sarki ne ke tarawa, kuma in kuɗi ya yi giɓi fada ake tambaya. Dagatai da hakimai da dama sun rasa rawunansu a kan cin kuɗin haraji. Sarki ya zama kamar ƙarfe tsakanin guduma da uwar maƙera, Turawa na neman cikon lissafi, talakawa na neman sassauci.

Abbas a Takardun Ƙasa

A 1908, zamanin Gwamna Girouard, an kafa wani kwamiti a Landan don duba al'amarin ƙasa a Nijeriya ta Arewa. Sakamakonsa shi ne dokar 1910, wadda aka sabunta a 1916, da ta ce dukkan ƙasa tana ƙarƙashin kulawar Gwamna domin amfanin 'yan ƙasa, ba wanda ya mallaki ko taƙi ɗaya, sai dai haƙƙin amfani. Dokar ta yi amfani ta wani gefen, domin ta toshe wa kamfanonin Turawa hanyar saye filayen noma. Amma ba ta dace da yadda Kanawa ke zaune ba. A karkarar da ke kewaye da birni, inda jama'a ta yi yawa, an daɗe ana gadon gona, ana aronta, ana jinginar da ita, ana ma sayarwa.

Wanda ya tsaya tsakanin dokar Landan da al'adar karkara shi ne Sarki. Rigimar gona da ta gida ba gaban alƙali take ƙarewa ba, fada ake kai ta, domin tun asali ƙasa a hannun Sarki take. Basasa da zuwan Turawa sun tarwatsa mutane da yawa. Wani ya gudu shekaru ya komo ya tarar wani na noman gonar ubansa. Wani bawa ne da ubangijinsa ya ba shi gayauna, ya sami 'yanci yana son ya riƙe ta. Wani dagaci ne ya ƙwace gonar marayu ya ba nasa. Da harajin taki ya zo kuwa, sai biyan haraji kansa ya zama wata hujja da mai gona ke riƙewa. Haka nan gandayen sarauta, irin na Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa, waɗanda bayi ke nomawa, sun shiga wani hali bayan dokar da ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Abbas ya riƙe waɗannan gandaye da bayin fada iyakar ƙarfinsa, sai bayan zamaninsa, a shekarun 1920, aka rushe ikon manyan bayin sarki.

Abbas a Takardun Shari'a

A nan ne aka fi jin muryar mutumin. Dokar kotunan gargajiya ta 1906 ta amince da majalisar shari'a ta Sarki, a zamanin Temple kuma aka tsara ta sosai, aka sa malamai suna rubuta ƙararraki da Larabci. Sarki ne ke shugabanta, Waziri Giɗaɗo da sauran malamai na gefensa. Aure da saki da bashi da rabon gado na alƙali ne, bisa mazhabar Malikiyya. Majalisar Sarki kuwa ita ke duba rigimar ƙasa, da kisan kai da rauni, da manyan sace-sace, da ƙarar zaluncin masu riƙe da sarauta. Wani masani, Allan Christelow, wanda ya taɓa koyarwa a Jami'ar Bayero, ya fassara zaɓaɓɓun ƙararraki na 1913 da 1914 zuwa Ingilishi, ya buga su a 1994 a littafin da ya kira Thus Ruled Emir Abbas.

Ƙararrakin gajeru ne. Akan kawo sunan mai ƙara da garinsa, da wanda ake ƙara, da abin da kowa ya faɗa, da shaidu ko rantsuwa, sa'an nan hukunci. Amma a cikin wannan taƙaitawa akwai rayuwar Kano gaba ɗaya. Ga manomi yana jayayya a kan iyakar gona. Ga mace ta tako har fada tana neman haƙƙinta. Ga bawa yana neman a yanka masa fansa ya biya a hankali ta hanyar murgu, ga wata tana da'awar cewa ita 'ya ce, sace ta aka yi. Ga dangin wanda aka kashe ana tambayarsu ko za su karɓi diyya.

Abin lura shi ne yadda majalisar ke tafiya tsakanin hukunci biyu. Inda shari'a ta yi magana kuma Turawa ba su hana ba, sai a bi shari'a. Inda dokar Nasara ta shigo, kamar al'amarin bauta ko haddin sata, sai a yi hukunci da abin da zamani ya kawo, ba tare da an ce shi ne shari'a ba. Ta haka aka kiyaye martabar littafi, aka kuma kauce wa karo da masu bindiga. Wanda yake son ya san irin basirar Abbas, to, a nan zai neme ta. Ikon da aka ƙwace masa a fagen fama ya sake gina wani abu daga cikinsa a zauren shari'a, har talakan da ke nesa da birni ya ci gaba da ganin cewa ƙofar Sarki ce ƙofar ƙarshe.

Jirgi da Gyaɗa da Yunwa

Shekarun da waɗannan ƙararraki suka faɗo a ciki ba shekarun kwanciyar hankali ba ne. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai, manoman Kano kuwa suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kuɗi, tana gyara ƙasa, in ta ƙi sayuwa kuma a ci. Fataken goro da suka san karkara suka zama masu sayenta, daga cikinsu ne Alhasan Ɗantata ya fito ya shahara. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga wajen tan 2,500 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913. Baƙi daga kudu suka yawaita, aka kafa musu Sabon Gari a bayan ganuwa. Gona ta ƙara daraja, rigimarta ma ta ƙaru.

Ana cikin haka damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar nan da ake kira Kakalaba, wadda ta kai tsananinta a 1914. Mutane suka kwararo daga arewa, har daga ƙasar da Faransa ke mulki, suna neman abin kai wa baka. An rasa rayuka masu yawan gaske. Ba a daina karɓar haraji ba, taimakon hukumar Turawa kuma bai taka kara ya karya ba. A shekarar ce aka haɗe Arewa da Kudu, a cikinta kuma Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, aka juyo ga baitulmalin sarakuna ana neman gudummawa. Kafin a farfaɗo sosai sai ga annobar marisuwa a 1918. Duk wannan a kan idon Abbas aka yi shi, kuma shi ne wanda jama'a ke kallo, ko da yake mafi yawan igiyoyin ba a hannunsa suke ba.

Rasuwarsa da Zuriyarsa

Allah ya yi wa Sarki Abbas rasuwa a 1919, bayan shekara 16 a kan gado. A Nasarawa ya cika, shi ya sa ake ce masa Maje Nasarawa, kamar yadda ake ce wa mahaifinsa Maje Karofi. Ɗan'uwansa Usman ya gaje shi har 1926. Daga nan sarauta ta komo gidansa: ɗansa Abdullahi Bayero ya yi daga 1926 zuwa 1953, jikansa Muhammadu Sanusi daga 1953 zuwa 1963, ɗansa Muhammadu Inuwa ya yi 'yan watanni a 1963, sa'an nan jikansa Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014. Duk wanda ya hau gadon Kano tun daga 1926 jinin Abbas ne. Yaron nan da Mai Gunduma ya tuɓe a 1908 shi ne ya zo ya yi shekara 27 yana sarauta.

Darasi ga Mai Neman Kakansa

Bin sawun Sarki ya koya mini abubuwan da za su amfani mai neman talaka. Da farko, takardun Turawa sun fi sanin sarauta da gari a kan sunan yanka, saboda haka sai a fara da sunan ƙauye da gundumar da yake ciki a lokacin, domin iyakokin gundumomi sun sha sauyawa. Na biyu, Bature yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, sai mai bincike ya gwada rubutu iri-iri kafin ya fid da rai. Na uku, Bahaushe na da sunan yanka da laƙabi da sunan sana'a, mai yiwuwa wanda gida suka sani da wani suna a littafin alƙali da wani aka rubuta shi. Na huɗu, wanda bai iya Larabci da ajami ba rabin ƙofa kawai aka buɗe masa. Na biyar, kada a ɗauki ƙidayar haraji tamkar gaskiya tsantsa, domin mutane sun ɓoye 'ya'ya da shanu saboda tsoron ƙari. Daga ƙarshe, takarda ba ta wadatar sai an haɗa ta da bakin dattawa. In tsohuwa ta ce an haifi wane shekarar Kakalaba, ko shekarar da jirgi ya zo, ta ba ka kwanan wata ke nan. Ban da Kaduna, akwai Gidan Arewa a can garin, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, ga kuma littattafan masana irin su Adamu Fika, wanda ya yi nazarin Basasa da mulkin Turawa a Kano.

Kammalawa

Takardun da muka bi ba su wanke Abbas sarai ba, ba su kuma kama shi da laifin da wasu ke ɗora masa ba. Sun nuna mutumin da ya karɓi sarauta daga hannun waɗanda suka ci garinsu da yaƙi, ya tara musu haraji har a shekarar yunwa, ya kuma riƙe bayin gidansa muddin ya sami iko. Sun kuma nuna mutumin da ya komo da dubban rayuka gida lafiya, ya jure wulaƙancin Razdan har ya ga bayansa, ya zauna yana sauraron ƙarar manomi da bawa da mace a lokacin da ake tsammani sarautar Kano ta zama hoto. Waziri Ahmadu ya zaɓi mutuwa a Kwatarkwashi, ana kuma tuna shi da girma. Abbas ya zaɓi rayuwa da nauyinta, hukuncin wannan zaɓi kuwa ba ya yiwuwa sai an karanta abin da ya yi da shekarun nan 16.

Wannan ne ya sa adana takardun ya zama wajibi a kanmu. Da yawansu sun haura shekara 100, takarda kuwa ba ta jure gara da ɗanshi da yawan taɓawa. Abin da wuta ta ci a 1908 ba zai komo ba. Ya rage ga ɗaliban Hausa da na tarihi su koyi karanta abin da ya saura, su juya shi zuwa harshen jikokin waɗanda aka rubuta sunayensu a ciki. Ni dai ban ga kakanmu ba tukuna, amma na ga duniyar da ya rayu a cikinta, na kuma san inda zan koma nema. Allah ya jiƙan Sarki Abbas da sauran magabatanmu, ya sa mu amfana da abin da suka bari, amin.